Ɓauren Bayan Gida

Azumin shekarar 2006 ya faɗo cikin kaka, watanni kaɗan bayan Dalila da mijinta Tasi'u sun tare a wani ɗan gida a garin McLeansville, can ƙasar waje. A bayan gidan akwai itacen ɓaure, kuma tun ranar farko Tasi'u ya tsane shi. Tsuntsaye na taruwa a kai, suna ɓata masa tasin da yake sana'a da ita. Ya riga ya yi magana da abokinsa Usman ya zo ranar Asabar da zarto mai inji, a sare itacen.

"Malam, ka bar shi," in ji Dalila. "Inuwarsa ce wurin zamana da safe."

"Inuwa kuwa? Zan sayo miki laima. A garinmu Tawa wa ya taɓa ajiye ɓaure a gida? Abincin birai ne da tsutsa."

Dalila ba ta ja maganar ba. Ran Alhamis da hantsi ta tarar da maƙwabciyarsu Perpetua, wata dattijuwa haifaffiyar garin, tana leƙen itacen ta kan shinge. Da ta ji za a sare shi sai ta dafe ƙirji. Ta ce ai masu gidan na da sukan ba ta kwando guda duk kaka. Nan take ta koya wa Dalila yadda take yi: a tsaga kan ɓauren, a cusa cukun akuya, a ɗiga zuma, a gasa.

Cukun akuya! Dalila ta yi murmushi, domin tana da shi. Surukarta ta aiko da cukun Tawa ta hannun wani matafiyi, yana nan a naɗe cikin tsumma. Ba ta san cewa wanda Perpetua ke nufi mai laushi ne kamar man shanu ba.

Bayan la'asar ta yi bismilla, ta kakkarya busasshen cukun, ta cuccusa, ta sa a murhun gashi. Ɓauren ya yi laushi, ya fitar da ruwa ja mai ƙamshi. Cukun kuwa ya ƙara ƙeƙashewa, ya tsaya cirko-cirko kamar ɓawon itace. Ta kai wa Perpetua ɗaya ta ɗanɗana mata, tunda ita tana azumi. Dattijuwar ta gartsa, ta tsaya cik, ta yi dariya har da hawaye.

"'Yata, wannan cuku ne ko tafin takalmi?"

Dalila ma ta yi dariya, amma zuciyarta na kan Asabar. Sai ta tuna yadda kakarta kan daka cuku kafin ta zuba a fura. Ta koma ta ɗauko ƙaramin turminta, ta daka ragowar lukui, ta kwaɓa da ɗan madara da zuma, ta tsinko wasu ɓauren, ta sake gasawa.

Ana dab da shan ruwa Tasi'u ya shigo. Ya sha ruwa, ya ci dabino, sannan idonsa ya faɗa kan farantin.

"Hajiya, mene ne wannan kuma?"

"Abincin birai ne, Malam. Bismilla."

Ya harare ta yana ƙunshe dariya. Ya ɗauki guda, ya buɗe shi gida biyu, ya ɗaga saitin fitila yana dubawa, kamar yadda duk wanda ya tashi a garinsu yake yi.

"Babu tsutsa," ya ce cikin mamaki.

"Ko ɗaya."

Ya sa a baki. Ya tauna, sannan ya dube ta.

"Wannan ai cukun Inna ne."

"Shi ne. Na daka shi."

Ya ci na biyu, ya ci na uku. Da ya miƙa hannu zai ƙara, Dalila ta janye farantin a hankali.

"Ka rage mana na sahur. Daga jibi ai babu sauran ɓaure."

Tasi'u ya share hannunsa, ya laluba wayarsa a aljihu.

"Usman? Barka da shan ruwa. Maganar Asabar ɗin nan, ka bar zartonka a gida. Kai dai ka zo da iyali, a nan za ku sha ruwa." Ya ɗan saurara. "Motar? Zan dinga ajiye ta a gaban gida."

Dalila ta ce alhamdulillah a ranta, ta mayar masa da farantin. Ta ware 'yan kaɗan a ƙaramin kwano, za ta miƙa wa Perpetua ta kan shinge bayan sallar magariba.