Gurbin Dutsen Niƙa

Gaɓar Jalo ba garin da za ka ji ana cika baki da shi a kasuwar Azare ba ne. Ɗan ƙauye ne a bakin kogin Jama'are, kafin ka kai tsohon garin Katagum. Wani Bafulatani mai suna Jalo ne ya kafa shi. An ce daga wajen Shira ya koro shanunsa, suka ga ciyawar fadama suka ƙi gaba, shi ma da ya duba ya ga ba su yi wauta ba sai ya kafa bukka. Masunta suka biyo shi, Barebari masu kanwa suka riƙa yada zango, wasu har suka manta da hanyar gida. Zamanin da sarauta take Katagum, hanyar fatake ta ƙofar garin ta bi, mata suna sayar da fura har tukunya ta ƙare. Da sarauta ta tashi ta koma Azare, hanya ta bi ta, garin ya koma ya zauna da kifinsa da dawarsa.

A nan aka haifi Bappa. Uwarsa ta rasu yana bakin nono, yayarsa ce ta goya shi, ta tafi da shi ɗakin aurenta, ta yi masa duka ta yi masa lallashi. Adda yake ce mata, har gari duka ya ɗauka, sunanta na yanka ya ɓace. Gemu yana fara tsiro masa ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Irin wannan tafiya kuwa an san ranar fita, ranar dawowa sai Allah. Ya tsaya noman auduga a Sudan don ya haɗa guzuri, ya sauke farali, ya yi aure, matar ta rasu ba haihuwa, ya sake tsayawa noman auduga. Duk mai dawowa gida da ya gamu da shi sai ya ba shi sallahu ga Adda, amma ko ɗaya bai san ya isa ba. Sama da shekara ashirin yana cewa baɗi.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ake ce wa yaƙin Bama, ya ƙare, wata bazara, ya sauka daga bayan lori a Azare da furfura a gemu da ɗan ƙunshin kaya. Abu ɗaya ne ya dawo da shi, ya ga Adda da ranta. Ba shi da kowa a duniya sai ita.

Ya tarar Azare ta buɗe, ta yi rumfuna da kantuna, ba fuskar da ya sani. Ya nufi layin masu busasshen kifi, don a da nan mutanen garinsu suke kasa kaya. Ya yi wa wani mai kifi sallama, ya tambaye shi ko akwai ɗan Gaɓar Jalo a kusa.

Mai kifin ya ce, “Gaɓar Jalo? Ai ruwa ya ci ta, Alhaji. Shekarar babbar ambaliyar nan kogi ya sauya hanya ya ratsa ta tsakiyar gari.”

“Mutanen fa?”

“Ni ba ɗan can ba ne. Abin da na ji ke nan.” Ya juya ya ci gaba da korar ƙuda, bai san ya tsinka wa bawan Allah zuciya ba.

Bappa ya ce ko kufai ne sai ya je ya gani da idonsa. Ya sami wani Babarbare mai jakuna, Malam Zarami, zai kai gishiri Katagum, ya roƙe shi su jera. Zarami mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, saurin ta'aziyya. Tun ba su fita daga Azare ba ya fara “Allah ya jiƙan musulmi,” duk inda suka tsaya shan ruwa sai ya ƙara. Bai san garin ba, bai san Adda ba, amma kafin su yi nisa ya riga ya binne ta ya yi mata sadakar uku. Bappa dai tafiyarsa yake yi.

Ƙasar tana nan yadda ya bar ta, shimfiɗaɗɗiya, yashi da kuka da goruba, giginyu suna nuna inda ruwa yake kwana. Sun yi 'yan kwanaki a hanya. Ranar da suka ratse suka nufi kogi, tun daga nesa Bappa ya hango tsamiyar masallacin garinsu. Da hantsi suka isa.

Mai kifi bai yi ƙarya ba. Kogin ya yanke rabin garin ya tafi da shi, inda zangon fatake yake a da yanzu rairayi ne fari fat da 'yan kududdufai. Ɗaya rabin kuma bangaye ne suka zube suka zauna, tumfafiya ta tsiro a cikin ɗakunan mutane. Ba hayaƙi, ba kukan akuya. Bappa ya bi lungun da ƙafarsa ta sani har ya kai kurnar da take ƙofar gidan Adda. Kurnar tana nan da 'ya'yanta, gidan ne babu, sai guntayen bango iya gwiwa. Ya zauna a kan ɗaya, ya rufe fuska da rawaninsa ya yi kuka, kukan babban mutum, marar daɗin ji. Ya zargi kansa, ya zargi audugar Sudan, ya zargi kowace baɗi da ya taɓa furtawa.

Zarami ya ɗaure jakuna, ya zo ya durƙusa ya ɗaga hannu. Yau dai ta'aziyyarsa ta sami wurin sauka. “Sai haƙuri, Alhaji. Dukanmu can muka nufa. Allah ya sa ruwan nan ya zama shahada gare su.”

Suka shafa. Bappa ya ce ba zai tafi hannu wofi ba, ko tsingaron tukunyarta ne zai ɗauka. Ya tashi ya zaga inda madafarta take, ya nufi kusurwar da take niƙa.

To, wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane matsayin dutsen niƙa a wurinmu ba. Daga Azare har Katagum har Gamawa za ka wuni kana tafiya ba ka sami tsakuwar jifan kare ba. Duk dutsen niƙan da ka gani a gidan mace, daga duwatsun Shira aka ɗauko shi a kan jaki, kuma uwa ce take bar wa 'ya. Akan gina masa dakali na yumɓu a dasa shi a ciki, ya zauna daram. Na Adda na kakarsu ne, tsakiyarsa har ta lotsa.

Dakalin yana nan a jikin guntun bango. Dutsen ne babu. Sai gurbinsa, rami mai kyau, gefe ɗaya a fashe inda aka zura dagi aka ɓanɓare shi.

Bappa ya daɗe a tsugune yana kallon ramin. Sannan ya ce, “Malam Zarami, zo ka gani. Ruwa yana ɗaukar dutse ya bar yumɓu?”

Zarami ya leƙa. “Ikon Allah ai ya fi haka.”

“Ban musa ba. Amma ruwa ba ya riƙe dagi.”

Ya miƙe ya tsallaka gidan maƙwabta, ya duba kusurwar niƙa. Gurbi. Ya shiga na gaba, gurbi. Dattijo da shi ya riƙa tsallake bangaye yana tattare riga kamar mai bin kaza. Ba gidan da ya tarar da dutse. Da idonsa ya buɗe kuma sai ya ga sauran. Ba azara ko ɗaya a cikin ɓaraguzan, alhali itacen giginya ba ya ruɓewa da wuri, da rufi ne ya rufta da an ga ƙarshensa a waje. Ba ƙyaure, ba turmi, ko murhu ba a bari ba.

Zarami ya biyo shi yana haki. “Alhaji, kada ka ɗora wa ranka. Idan gari ya mutu ai masu tsince-tsince ba sa barin komai.”

Maganar ta soki Bappa, don tana da kan gado. Ya juya ya nufi maƙabarta, can a ɗan tudun da ruwa bai kai ba. Ya san iyakarta, a gindin wata aduwa aka sa mahaifiyarsa. Maƙabartar ta ƙaru, amma ƙaruwar shekara ashirin ce ta ƙaramin gari, ba ta garin da ya mutu rana ɗaya ba. Ya yi musu addu'a. Yana yi yana satar kallon sababbin kaburburan, don ko ba ambaliya mutum yana mutuwa, kuma kabari ba ya faɗin sunan mai shi.

Ya ce, “Tashi suka yi. Wanda ruwa ya kora kuwa tudu yake nema, tudu kuma ɗaya ne a nan, jigawar gabas inda muke noman gero.”

Zarami ya ce gishirinsa Katagum za shi, ba gabas ba. Ya faɗa har sau biyu, sannan ya kwance jakuna ya juya kansu gabas, don shi ma yanzu ba zai iya barci bai ji ƙarshen zancen ba.

Suka bar fadama suka fara hawa yashi. Rana ta take. Kafin la'asar suka fara ganin kashin awaki, sai karan gero a tsaye, sai rumbuna, sai ga gari a kan jigawa, dangar kara da jajayen ɗakuna, yara suna ihu. A bakin gari akwai rijiya mai zurfi, wata mata tana jan guga.

Zarami ne ya yi sallama. “Baiwar Allah, wane gari ne nan?”

“Gaɓar Jalo.”

Ya waiga hagu ya waiga dama, yashi ne ko'ina. “Ina gaɓar?”

Matar ta yi dariya. “Mun baro ta can. Ruwa ya ba mu kwanaki yana cin gefe, muka kwashe abin da za mu iya. Suna ai ba shi da nauyi, sai muka haɗa da shi.”

Bappa yana tsaye, tambayar tana bakinsa ta ƙi fita. Mutumin da ya ƙetare hamada da teku, ga shi yana tsoron buɗe baki gaban mai guga. Da ƙyar ya ce, “Akwai wata... Adda.”

“Addoji ai da yawa, Alhaji. Wacce?”

“Addar Bappa.”

“Au, wannan? Yanzu ta bar nan da tulu, tana ta yi mana faɗa wai mun zubar da ruwa a banza. Ka bi nan har ƙarshen gari, gidan da yake kusa da filin da ba a gina ba.”

Bappa ya zauna a bakin komin shanu yana “Alhamdu lillahi” ba ƙaƙƙautawa. Zarami ya buɗe baki, ya ga duk addu'o'in da ya tanada ba su dace da wurin ba, ya rufe.

A ƙarshen gari Bappa ya yi sallama a bakin danga. Wata tsohuwa ta fito, 'yar ƙarama, ta ranƙwafa, ta sa hannu ta kare rana tana ƙare masa kallo.

“Wa ke sallama?”

“Ni ne, Adda.”

Ta matso har tana jin numfashinsa. Ta kama gemunsa ta juya fuskar gefe, yadda take yi in za ta wanke masa ido yana yaro. Ta ce, “Ka tsufa.”

“Adda, na je can kufai. Na ɗauka...”

“Ka ɗauka me? Ni ce zan tsaya ruwa ya ci ni?” Ta saki gemun. “Kai ne dai aka ce ka mutu. Har liman ya zo wai in yarda a yi maka sadaka. Na ce a kawo wanda ya wanke ka in gan shi.”

Ba ta ce ya shiga ya sha ruwa ba. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi gefen gida, Zarami yana biye. Fili ne madaidaici, an kewaye shi da ƙaya, a gefe guda an jera azara a kan 'yan gumagumai an rufe da zana.

Ta ce, “Ranar da mai gari yake rabon filaye, ya ba kowane magidanci nasa. Na ce saura na Bappa. Suka ce ba a yanka wa mamaci fili. Na zauna a nan na ce ba zan tashi ba, har suka gaji suka yanka. Azarar ɗakinka ce waccan, ni na sa aka ciro ta kafin tawa. Gobe ka nemi masu kwaɓa ƙasa, ni na gaji da share gidan da ba kowa.”

Bappa ya janye ƙayar ya shiga. Ba ko tsinke a ƙasa, sawun tsintsiya ne layi-layi a kan yashi, sharar safiyar ranar. Ya taka a hankali har tsakiya ya tsaya.

Adda tana bakin ƙaya tana kallon ƙafafunsa suna ɓata mata shara. Sai a lokacin ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja gyale ta rufe kai ta fashe da kuka.