Rantsuwar Badamasi a Kan Allo Biyu

Badamasi ya sha kashi a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwamfuta tsakanin samarin Rano da na Kibiya, shi kuwa bai iya faɗuwa bakinsa a rufe ba. A tsakiyar gidan gem ɗin Ishiyaku ya miƙe, ya nuna Lado ɗan Kibiya, wanda ya ci shi, abokinsa tun suna firamare.

"Wallahi tallahi cutata ka yi! Ka zauna a allon da ke sabunta hoto sau ɗari biyu da arba'in a sakan ɗaya, ka bar ni da mai ɗari da arba'in da huɗu. Idona yana gane bambancin!"

'Yan Kibiya suka matso bayan Lado.

"Ba a shagona ba," in ji Ishiyaku. "Fita waje, mu gwada idon naka. In ka gane mai saurin, Lado ya ajiye kofi."

Aka liƙe sunayen allunan da takarda, aka yi ta sauya musu wuri, sannan aka kira shi. Ya juya ɗan wasa a wannan, ya juya a wancan. Tsoro ya kama shi sosai, don abu ɗaya yake gani.

"Na dama," ya ce da ƙyar.

Ishiyaku ya ɓare takardar. Mai saurin ne! 'Yan Rano suka kaure da ihu, wani har da ce wa Lado macuci.

Lado ya ajiye kofin a hankali. "Yaya Ishiyaku, buɗe mana saitinsu."

Aka buɗe. Sau sittin a sakan. Ɗayan ma sittin. Tun ranar da Ishiyaku ya kwance su daga kwali bai taɓa canza saitin ba, yana ta cika baki da saurinsu a banza.

Badamasi ya rasa inda zai sa kansa don kunya. "To... zan yi azumin kaffara."

"Ba azumi za ka yi ba," in ji Ishiyaku. "Wanda ka yi wa ƙazafi za ka roƙa."

Badamasi ya juya. Kofin na nan a kan tebur, Lado kuwa har ya tayar da babur.