Bonet ɗin Gimbiya

Tun da Auta ta yi wayo, safiyar Baba iri ɗaya ce. Zai fito tsakar gida da tsumma a kafaɗa, ya ɗaga bonet ɗin tsohuwar motarsa, ya zare ƙarfen gwada mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ƙura masa ido kamar likita. Motar koriya ce, doguwa, ta girmi duk 'ya'yan gidan. Gimbiya yake ce mata, kuma ko marigayiya Mama ba ta isa ta shanya ɗankwali a kanta ba.

Sifirin biyun, murɗaɗɗun ƙarafan nan masu talewa da ke riƙe bonet ɗin a sama, sun daɗe da gajiya, amma Baba bai taɓa damuwa ba, tunda hannun hagu na riƙewa na dama na aiki. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo ya tafi da hagun, ya nauyaya masa harshe, ya raba shi da tuƙi. Duba man nan kaɗai ya rage masa, shi ma da kai yake tokare bonet. Wata safiya bonet ɗin ya zame ya tsaga masa ƙeya.

Yaya, babban ɗansa, ya kulle motar ya jefa makulli a aljihu, domin abin jan bonet a ciki yake, ƙarƙashin sitiyari.

"Motar da ba ta zuwa ko'ina, me zai shanye mata mai?" in ji Yaya. "An gama wannan wasan."

Baba ya koma ɗakinsa. Ya daina fitowa dai. Shayin safe yakan huce a gabansa, tsumman yana ninke a kan gwiwarsa. Auta tana ganin haka zuciyarta ta yi baƙi, domin ta san ba motar aka kulle ba.

"Yaya, ko a samo masa sanda ya riƙa tokarewa?"

"Da wane hannun zai ɗaga, da wane zai tokare? Ranar da bonet ya tsaya da kansa, na gani da idona, zan mayar masa. Kafin nan, kar ki dame ni."

"To ba ni aron makullin."

Yaya ya yi dariya ya miƙa mata. Auta tela ce, abin da ta sani game da mota bai wuce shiga da fita ba. Amma yarinyar nan tun tana ƙarama in ta kafe, sai dai a haƙura.

Ta rufe shago ta shiga layin masu sayar da kayan gyaran mota. Wani ya ce irin wannan sai gidan tarihi, wani ya tambaye ta ko mijinta ne ya aiko ta. Ta haɗiye, ta wuce gaba. Can ƙarshen layi, wani dattijo mai tarin tsofaffin ƙarafa ya tono mata sifirin biyu a cikin kwali, baƙaƙe, ba a taɓa amfani da su ba.

A gida ta tokare bonet da katako. Cire tsofaffin bai ba ta wuya ba, sun saki jiki har da filaya suka fito. Sababbin ne suka nuna mata iyakarta. Gajeru ne, taurinsu ya wuce misali, ta ja da filaya, ta ja da igiya, ta taka bambar gaban motar da ƙafa ta ja, ƙugiyar ta ƙi kai wa inda za a rataya ta. Filayar ta kuɓuce ta ɗaye mata fatar yatsa. Ta zauna a ƙasa tana tsotsar jinin, hawayen haushi na neman zubowa.

"Wa... sha."

Ta waiga. Baba ne a bakin ƙofar ɗaki, ya dafa bango. Ya nuna mata tsohon gwangwanin madara a cikin akwatin kayan aikinsa, cike da washa, 'yan faifan ƙarfen nan masu huda a tsakiya. Da hannu ɗaya ya kwatanta mata: ta rataya sifirin a ƙarfen ƙofar gida, ta lanƙwasa shi gefe, inda ya buɗe baki ta cusa washa, ta lanƙwasa ɗaya gefen ta ƙara cusawa. Tana yi yana tsawo kaɗan kaɗan, har ƙugiyar ta shiga gurbinta ba gardama. Da ta sauke bonet, sifirin ya miƙe, washa suka zube ƙasa suna ƙara. Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, dariya ce.

Washegari da safe ta kira Yaya. Baba ya taɓa bonet da yatsu, ya tashi sama da kansa ya tsaya ƙyam. Ya zare ƙarfen gwada mai, ya goge a tsumman kafaɗarsa, ya duba a tsanake. Auta har ta fara hararar Yaya da murmushi.

Sai aka zo rufewa. Baba ya kama bakin bonet ya ja, ko motsi. Ya ƙara ja, ya rataya nauyinsa duka, ƙafar da ba ta da ƙarfi ta goce, da Yaya bai tare shi ba da ya sha ƙasa. Kunya ta rufe fuskar tsohon, ya sunkuyar da kai.

"Kin gani ko?" Yaya ya faɗa a hankali, ba da faɗa ba. "Kin yi ƙoƙari, Auta. Kawo makullin."

"Ban gama ba."

Ta tsaya tana kallon bonet ɗin. Ta yi wa motar gyaran mai hannu biyu, alhali mai ita hannu ɗaya ya rage masa. Kuskuren da ba ta taɓa yi wa mai ɗinki ba ke nan, ta yanka riga ba ta auna mai sawa ba. Ta ɗauko gwangwanin washa, ta cire sabon sifirin na gefe ɗaya, ta tono tsohon sifirin daga kwandon shara ta goge shi ta mayar. Rana ta take, gumi na ɗiga daga haɓarta. Yaya da ya ce yana sauri, shi ne ya ƙare da riƙe mata katako.

"Baba, bismilla."

Tsohon ya ɗaga da dama. Bonet ya hau a hankali, ya ɗan karkata, ya tsaya. Ya sake shi, ya jira. Bai faɗo ba. Ya kama ya ja, bonet ya biyo hannunsa salin-alin har ya rufe da ƙarar da gidan ya saba ji kowace safiya.

Ya nuna gefen sabon sifirin, ya nuna gefen tsohon, sannan ya dubi hannuwansa.

"Irin... nawa," in ji shi.

Yaya ya juya baya, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido. Auta ta saka makullin a aljihun rigar Baba. Shi kuwa ya riga ya sake ɗaga bonet, yana miƙo mata murfin lagireto ta riƙe masa, domin bai duba ruwa ba tukuna.