Alawar Baba Mai Walda

"Umma, tunda Baba Mai Walda ya rasu, wa zai shanye alawarsa?"

Maman Auta ta toshe bakin 'yarta, amma ɗakin ya riga ya ji. Alawa, haka marigayin yake kiran ƙwayoyin kashe zafi da likita ya rubuta masa tun da ciwon daji ya kwantar da shi. Shekaranjiya da Maman Auta ta kai masa ruwan zafi, ya riƙo mata hannu ya ce, "'Yata, gwangwanin alawar nan ramewa yake yi fiye da ni. Ba ni kaɗai nake sha ba."

Yanzu ga gwangwanin a cinyar matarsa Inna, tana ta rabon alheri.

"Mai kitso, ba ke ce mai ciwon baya ba? Ungo biyu. Mai kyau ne, na asibiti."

Maman Auta ta tsallake takalman 'yan gaisuwa, ta durƙusa. "Inna, ki yafe mini, amma ba wanda zai fita da ko ɗaya."

"Ke! Likita fa ya rubuta, ba na bakin titi ba ne."

"Baba likitan ya rubuta wa, Inna. Bai rubuta wa unguwa ba."

Mai kitso ta mayar da nata tana gunaguni, Maman Auta ta ɗauke gwangwanin daga cinyar Inna. Sai Direba, ɗan marigayin, ya taso daga bakin ƙofa, gumi na tsatsafo masa, hannunsa na rawa.

"Kawo in ajiye."

"A ina? A cikinka?"

Maman Auta ba ta saki gwangwanin ba. Ta sassauta murya. "Yaya, Baba ya sani. Bai zage ka ba, tsoro ya ji maka. Inna ba za ta iya wani zaman makoki ba."

Direba ya dubi uwarsa. Sai ya zaro wasu ƙwayoyin daga aljihu ya zuba a tafin Maman Auta.

"In na bari lokaci ɗaya, jikina zai kashe ni."

"Shi ya sa ba kai kaɗai za ka bari ba. Likitan da ya ba Baba shi zai sauke ka a hankali. Ɗauko makullin motarka. A'a, bar shi, mu taka."

Inna ta yafa mayafi ta biyo su. A kan bencin asibiti ta zauna kusa da ɗanta, ta kama hannun nan mai rawa ta ɗora a gwiwarta, tana shafawa har aka kira su.