Ruwan Rake a Kumatun Fanta

Shekara goma sha biyu Fanta tana yi wa matan Fagge dilka da halawa, sana'ar da ta gada wurin kakarta 'yar Barno. Fatar mace ba ta ɓoye mata komai. Shi ya sa ranar da Zaituna, tsohuwar kwastomarta, ta shigo, sati biyu bayan sojoji sun miƙa mulki, Fanta ta ajiye kwanon kurkum ta kama haɓarta.

"Ina tabon ƙurajen nan? Bilicin kika fara?"

"Allah ya kiyaye! Wata nas ce a Sabon Gari, Philomena. Wani ruwa take shafawa, sai fatar ta yi saɓa."

Kwana biyu abin yana cin Fanta. Ran Laraba ta yafa gyale ta tsallaka Sabon Gari da ƙafa.

Philomena haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. A wani ɗan ɗaki bayan kemis ɗin mijinta take aiki. Fanta ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗi sana'arta, ta ce gani ta zo yi.

"Asid ne," in ji Philomena, tana ɗaga 'yar kwalba.

"Asid? Irin na batirin mota?"

Philomena ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Hajiya! Wannan mai sauƙi ne, asalinsa daga rake. Matacciyar fatar sama yake ɗagawa, ta ƙasa ta fito."

Fanta ta shinshina kwalbar, ba ta ji ƙanshin rake ba. Sai ta nuna baƙin da ya zauna mata a kumatu tun haihuwarta ta ƙarshe, wanda dilka ta kasa kora.

Philomena ta tambaye ta ko tana da ciki, ko tana shafa man ƙara haske. A bayan kunne ta fara gwadawa. Sai da sati ya zagayo lafiya ta shafa a fuska, idonta kan agogo. Fanta ta ji kamar tururuwa na yawo a kumatunta. Minti uku aka wanke.

"Ban da rana. Kuma kada ki ɓare da hannu," in ji Philomena.

Kwana uku fatar ta fara tashi kamar ɓawon albasa. Fanta ta yini gaban madubi tana zaune kan hannayenta. Mijinta Kyari ya leƙo ya ce, "Lafiya kuwa?" Ta ce bincike take yi.

Bayan zuwa huɗu baƙin ya dusashe, amma bai tafi duka ba. A zuwa na ƙarshe Philomena ta riƙe ta da hira: ƙanwarta Ogechi za ta yi aure, shin dilka tana karɓar kowace fata? Ran Asabar suka zo Fagge su biyu. Philomena ta tsuguna gaban kwanon dilka, ta lakato da yatsa, ta fara jero tambayoyi.