Ranar da Bahago Ya Rufe Zabira

Jikata Khairat ta kai shekara biyar bakinta bai taɓa rufuwa ba. In tana barci, minsharinta har zaure ake ji. In ta yi magana sai ta hanci, in ka kira ta sai ka maimaita sau uku. Ni kuwa Batulu, da na raini 'ya'ya tara a Ƙofar Kuyambana, ba a koya mini ciwon yaro. Na ce beli ne, a cire. Uwarta Huseina ta fara zancen asibiti, na watsa mata harara ta bar maganar.

Na aika aka kira Bahago, wanzamin gidanmu, wanda ya cire wa 'ya'yana duka beli. Ya zauna a tabarma, ya buɗe zabira, ya leƙa bakin yarinyar ya daɗe. Sai ya sa yatsu biyu ya haɗe mata leɓɓa. Kafin a ƙirga goma ta fara fizge-fizge, idanu waje.

Ya mayar da askarsa, ya rufe zabira.

"Hajiya, ba beli ba ne," in ji shi. "Nama ne ya toshe bayan hancinta, can inda askata ba ta kai. Ku kai ta asibiti."

Na ce, "Tsufa ne ya kama ka, ko hannun ne ya fara rawa?"

"Na taɓa yanka irin wannan," ya ce. "Ɗana ne. Ya zubar da jini kwana biyu, minsharin ko gezau. Ban ƙara ba."

Ban saurara ba. Kafin la'asar na gama baza wa unguwa cewa hannun Bahago ya mutu. Washegari shi da kansa ya tsayar da keke-napep, ya raka Huseina da yarinyar asibiti. Likita ya faɗi abin da Bahago ya faɗa, aka sa ranar aiki, aka cire naman.

Sati biyu bayan nan, da azahar, na leƙa ɗaki na ji tsit. Na durƙusa na kara kunne. Barci Khairat take yi, baki rufe, numfashi na fita ta hanci a hankali.

Kunya ta rufe ni. Na ɗauki mayafi na bi gidajen da na baza maganar ɗaya bayan ɗaya, ina gaya musu ban taɓa sanin babu wanzami kamar Bahago ba, sai ranar da ya ƙi yanka.