Faransanci a Kan Keken Ɗinki

An kira Auta aikin karɓar baƙi a wani otal, amma sai an gwada bakinta da Faransanci ranar Litinin. A rubuce ba ta da matsala. A baki kuwa, in ta zo kan doguwar kalma sai ta haɗiye rabi.

Ubanta tela ne, ba ya son surutu a shago. Da ya gaji da gunaguninta sai ya ce, "Wannan da kike taunawa tun safe, me take nufi?"

"Za mu keɓe ɗaki, Baba. Nous réserverons."

"Gaɓa nawa ce a cikin doguwar?"

Ta ƙirga da yatsa. "Huɗu."

"Biyu na ji."

Ya tashi, ya zare zaren keken ɗinkinsa, ya ce ta zauna. Kowane taku, gaɓa ɗaya. Ta taka: ré, ser, ve, rons. Kalmar ta fito garau. Ya leƙa littafin da take karantawa, ya ɗora farce a kan harafin ƙarshe.

"Wannan fa, ina ya tafi?"

"Ba a faɗinsa."

"A rubuta a ƙi faɗa? Mutanen nan ba su san tsadar yadi ba."

Haka suka yi ta yi, har shi ma ya fara motsa leɓe in yana yanka.

Ranar Lahadi ƙanwarsa ta zo gida, ta ce Auta ta yi mata Faransancin a falo ta ji. Auta ta buɗe baki, kalmar ta sarƙe.

"Kai ma dai, Yaya," in ji Gwaggo. "Ka ɗaure mata harshe a ƙafa. Keken za ta ɗauka a ka zuwa otal?"

Baba ya jawo kujera. "Zauna ki taka."

"Babu keke, Baba."

"Wa ya gaya wa ƙafarki?"

Ta taka iska, kalmomin suka biyo a jere. Sai dai dunduniyar takalminta tana ƙwanƙwasa daɓe kamar ana sallama. Gwaggo ta cire nata mai laushi ta tura mata.

Litinin da yamma Auta ta shigo shago.

"Sun ɗauke ni. Teburin da aka zaunar da ni ya rufe min ƙafa." Ta zauna a kan kujera. "Amma aikin a tsaye ake yinsa, Baba."

Ya ajiye almakashi.

"Miƙe mu gani."